Wai yaushe Amurka ta taɓa zaman ba ruwana?

Tun da Donald Trump ya dawo kan mulki a Janairun 2025 ya kama maganar wai yana son Girinland, katon tsibirin nan da ke ƙarƙashin Denmak, yana so a dawo wa Amurka da mashigar ruwan Panama, har da tsokanar Kanada wai ta zo ta zama jiha ta 51, nake ganin mutane suna ta riƙe baki. Wai ba wannan ne mai ihun Amurka ce farko ba, ba shi ne ya ce ya gaji da yaƙe-yaƙen da ba su da ranar ƙarewa ba, to ya aka yi kuma ya koma zura ido a ƙasar mutane? Ni dai gaskiya ban ga abin riƙe baki ba. Mutumin da ya tsaya a jawabinsa na shan rantsuwa yana yabon William McKinley, shugaban da Amurka ta kwashi tsibirai a zamaninsa a 1898, ai ya riga ya gaya maka inda ya dosa, sai dai in ba ka san waye McKinley ba.

Yadda aka saba ba da labarin shi ne wai Amurka ta shekara ɗari da ɗoriya tana zaune a gidanta ba ta shiga sabgar kowa, sai kawai a 1898 wani abu ya shiga kanta ta fito ta fara kwasar tsibirai. Wato ƙasa ce mai kunya da ta wayi gari ta canza hali. Wannan labarin ne ban yarda da shi ba, kuma ba Amurka kaɗai ba, duk wata babbar ƙasa da aka ce ta ware kanta daga duniya ni tambayar da nake fara yi ita ce, daga wa ta ware kan nata? Don in ka duba da kyau sai ka ga waɗanda suka fi ta ƙarfi take kauce wa, waɗanda ta fi ƙarfi kuwa ba su taɓa ganin wannan kunyar tata ba.

A je ga tushen maganar. A 1796 George Washington ya fitar da jawabinsa na ban kwana, inda ya gargaɗi 'yan ƙasarsa da su guji ƙulla ƙawance na dindindin da ƙasashen waje, Thomas Jefferson ma ya maimaita irin wannan a 1801, ya ce ciniki da zumunci da kowa amma ban da ƙawancen da zai ɗaure musu ƙafa. Wannan shi ne abin da ake ta jawowa. Amma a tuna fa wace irin ƙasa ce take wannan maganar, ƙasa ce da ƙidayar 1790 ta nuna mutanenta ba su cika miliyan 4 ba, ba ta da wata rundunar ruwa ta a zo a gani, Ingila na arewa da ita a Kanada, Sifaniya na kudu da yamma, ga Ingila da Faransa suna ta gwabzawa kowa na neman ya jawo ta ɓangarensa. A 1814 sojojin Ingila har birnin Washinton suka shigo suka cinna wa fadar shugaban ƙasa wuta. Mai irin wannan halin in ya ce ba ruwana da faɗan manya ai hankali ya yi. Kuma shi kansa Washington bai ɓoye ba, a cikin jawabin nan ya ce in suka haɗa kai lokaci na nan zuwa da ba mai iya taɓa su, lokacin da su ne za su zaɓi yaƙi ko zaman lafiya yadda maslaharsu ta nuna. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, shi ma ya san haka yake nufi.

To a cikin waɗannan shekarun da ake cewa na zaman gida, me aka yi? A 1803 aka sayi Luwiziyana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, ƙasar ta kusa ninka girmanta a dare ɗaya, kuma ba wanda ya tambayi mutanen da suke zaune a kan filin tun kaka da kakanni. A 1819 aka karɓi Filorida daga Sifaniya. A 1830 shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasar daga gabas zuwa hayin kogin Misisifi, aka tasa ƙeyar ƙabilar Cherokee a 1838, dubbansu suka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa da cuta. A 1845 aka haɗe Teksas, a 1846 aka shiga yaƙi da Meksiko, sojojin Amurka suka kai har babban birninta a 1847, da aka zo sulhu a 1848 Meksiko ta tashi da asarar kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya ɗin nan da ake ji da ita yau. Sai Alaska a 1867 daga hannun Rasha a kan dala miliyan 7.2. Don Allah ka je ka gaya wa ɗan Meksiko ko ɗan Cherokee cewa wannan zamanin shi ne na ba ruwana, ka ji amsar da zai ba ka. Dalilin da ya sa ba a lissafa wannan a matsayin mamaya kawai don ba a hau jirgin ruwa ba ne, da ƙafa da keken doki aka je, sai aka ɗauke shi kamar harkar cikin gida.

Ita kanta aƙidar shugaba James Monroe ta 1823 da ake kawowa a matsayin shaidar ware kai, ka karanta ta sau biyu. Cewa ta yi Turawan Turai su daina neman sabbin ƙasashen mallaka a nahiyar Amurka, ita ma ba za ta tsoma baki a rigingimun Turai ba. A lokacin ba ta da ƙarfin da za ta tilasta wa kowa, jiragen Ingila ne ma suka riƙe maganar saboda ta yi daidai da cinikinsu. Amma dai an kafa alama a jikin gona, an ce kar kowa ya shiga, mai ita na nan zuwa.

Abin da ya canza a wajajen 1890 a ganina abu ne mai sauƙin ganewa, filin da za a mamaye ya ƙare. An kai bakin tekun Fasifik, hukumar ƙidaya ta 1890 ta ce babu sauran wani layi da za a nuna a ce daga nan daji ya fara, a Disambar shekarar kuma aka yi kisan Wounded Knee, inda sojoji suka karkashe 'yan ƙabilar Lakota, wanda kusan shi ne ƙarshen turjiyar 'yan asalin ƙasar da makami. Masana'antu sun bunƙasa har Amurka ta wuce Ingila wajen narka ƙarfe, manoma na noma alkama da auduga fiye da abin da gida zai cinye, sai ga karayar tattalin arziki ta 1893 ta zo ta rufe ɗaruruwan bankuna ta bar mutane ba aikin yi, nan 'yan kasuwa da 'yan siyasa suka shiga waƙar dole a samo kasuwa a waje, kuma kowa idonsa na kan Sin. To kai kaya Sin sai da jirgin ruwa, jirgin wancan zamanin kuma da kwal yake tafiya, ba zai ratsa Fasifik ba sai ya tsaya ya sake lodin kwal, wurin lodin kwal sai an tsare shi da jirgin yaƙi, jirgin yaƙin shi ma yana son tashar da zai fake a gyara shi. Ka ga yadda abu ɗaya yake jawo wani har a wayi gari ana bukatar tsibirin wasu. Wani hafsan sojan ruwa Alfred Thayer Mahan ya fitar da littafi a 1890 yana wannan lissafin tiryan-tiryan, kuma manya irin su Theodore Roosevelt suka rungume shi. Ga kuma ido yana ganin abin da Turai take yi, ba a daɗe da tashi daga taron Balin na 1884 zuwa 1885 ba inda aka shimfiɗa ƙa'idar yadda za a yi wawason Afirka, wanda ya ji ya ƙoshi da ƙarfi zai so a ce shi ma yana cikin manya.

Hawai ce wurin da nake ganin abin ya fi fitowa fili, don haka bari in ɗan daɗe a kanta. Masarauta ce mai cin gashin kanta wadda ƙasashen duniya suka amince da ita, har ita Amurkan. Amma gonakin rake sun koma hannun Turawa, da yawansu 'ya'ya da jikokin 'yan mishan ne da suka zo daga Amurka, kuma tun 1875 akwai yarjejeniyar da ta ba sukarin Hawai damar shiga Amurka ba kuɗin fito. A 1887 suka tsare sarki Kalakaua da bakin bindiga ya sa hannu a tsarin mulkin da ya rage masa iko, a shekarar ne kuma Amurka ta samu izinin amfani da tashar jiragen ruwa ta Pearl Harbor. Sai a 1890 majalisar Amurka ta yi sabuwar dokar kuɗin fito, wadda McKinley ɗin nan ne ya jagorance ta tun yana ɗan majalisa, dokar ta cire haraji a kan ɗanyen sukari na kowa da kowa sannan ta ba manoman cikin gida tallafi, shi kenan gatan Hawai ya tashi a banza, masu gonakin rake suka ga hanya ɗaya ce ta rage musu, su zama 'yan cikin gida su ma. Da sarauniya Liliuokalani ta yunƙura za ta dawo wa masarauta da ikonta a Janairun 1893, jakadan Amurka John Stevens ya sa aka sauko da sojoji 162 daga jirgin yaƙin da ke tsaye a Honolulu, wai don kare rayuka da dukiyar Amurkawa, suka je suka ja daga kusa da fada da ginin gwamnati, ba su harba ko harsashi ɗaya ba, tsayuwar kawai ta isa. Washegari sarauniyar ta sauka, amma ta rubuta cewa ga ƙarfin Amurka ta miƙa wuya kuma tana jiran gwamnatin Amurka ta duba ta mayar da ita.

Kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, an samu wanda ya duba ɗin. Grover Cleveland da ya hau mulki a Maris na 1893 ya janye yarjejeniyar haɗewar daga majalisar dattawa, ya tura a yi bincike, ya fito ya ce an yi wa Hawai ba daidai ba. Sai dai bai mayar da ita kan karaga ba, masu juyin mulkin suka ƙi sauka suka zauna jiran gwamnati ta canza. A 1897 'yan asalin Hawai sama da 21,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, yarjejeniyar ta kasa samun kashi biyu cikin uku da ake bukata a majalisar dattawa, sai aka zagaya ta bayan gida a Yulin 1898 aka yi ta da ƙudurin haɗin gwiwa na majalisu biyu wanda rinjaye kawai yake bukata. A 1993 majalisa ta nemi afuwa, Bill Clinton ya sa hannu. Ihu bayan hari, shekara ɗari cur.

Ita kuwa 1898 kowa ya san ta. Jirgin yaƙin Maine ya tarwatse a tashar Havana, babban birnin Kuba da ke hannun Sifaniya a lokacin, ranar 15 ga Fabrairu, mutum sama da 260 suka mutu, jaridun Hearst da Pulitzer suka ɗora wa Sifaniya laifi tun kafin a gama bincike, alhali wani binciken da Admiral Rickover ya jagoranta a 1976 ya karkata ga cewa daga cikin jirgin wutar ta tashi. Aka shiga yaƙi da sunan 'yanto Kuba, har majalisa ta rubuta alkawarin ba za ta haɗe tsibirin ba. To in don Kuba ake yi me ya kai jiragen Amurka Manila, babban birnin Filifin da ita ma Sifaniya ke mulka can wani gefen duniya, ranar 1 ga Mayu? Roosevelt ne yana mataimakin sakataren sojan ruwa ya aika wa George Dewey, kwamandan jiragen yaƙin Amurka a Asiya, waya tun a Fabrairu cewa ya zauna cikin shiri. 'Yan Filifin sun fara tawayensu tun 1896, Emilio Aguinaldo ya ayyana 'yancin kai ranar 12 ga Yunin 1898, mayaƙansa sun yi wa Manila zobe, sai kwamandojin Amurka da na Sifaniya suka shirya wani ɗan faɗan wasan kwaikwayo a watan Agusta don Sifaniya ta miƙa birnin ga Amurka ba ga masu ƙasa ba, aka hana 'yan Filifin shiga babban birninsu. Kura da shan bugu gardi da ƙwace kuɗi. A yarjejeniyar Faris ta Disamba Amurka ta ba Sifaniya dala miliyan 20 ta karɓi Filifin, ta haɗa da Guwam da Fotoriko. Yaƙin da ya biyo baya daga 1899 zuwa 1902 ya ci fararen hula aƙalla 200,000, yawancinsu yunwa da annoba, kuma duk ana yi ana cewa wayewa aka kawo musu, har da masu cewa za a kai musu Kiristanci, mutanen da akasarinsu Katolika ne tun shekara ɗari uku kafin nan.

Yanzu wani zai ce to in haka ne ai abin dole ne, duk ƙasar da ta yi ƙarfi sai ta faɗaɗa, ba laifin kowa. A nan ne na rabu da masu wannan ra'ayin. Ƙarfi yana buɗe ƙofa amma mutane ne suke ɗaga hannu su ce a shiga. Ranar 6 ga Fabrairun 1899 majalisar dattawa ta amince da yarjejeniyar Faris da ƙuri'a 57 da 27, wato da mutum biyu sun sauya sheƙa da ta faɗi, kuma kwana biyu kafin ƙuri'ar ne aka fara harbe-harbe a wajen Manila, abin da ya sa ƙin amincewa ya zama kamar juya wa soja baya yana fagen daga. Akwai ƙungiya guda ta masu adawa da mulkin mallaka da aka kafa a 1898, cikinta har da Cleveland da attajiri Andrew Carnegie, suna cewa ƙasar da ta samu 'yanci da hujjar ba a mulkin mutane sai da yardarsu ba ta da bakin mulkar wasu da bindiga. Ba wai duka waliyyai ba ne fa, wasu daga cikin masu adawar musamman 'yan majalisar kudu wariyar launin fata ce ta sa su, ba sa son mutanen da ba farare ba su zama 'yan ƙasa. Amma dai an yi gardama, an ƙirga ƙuri'a, kuma da ƙyar aka sha.

Japan ta ɗan bambanta, ita kam rufe ƙofarta ya fi kama da gaske, tun wajajen 1630 ta hana mutanenta fita, cikin Turawa 'yan Holan kaɗai ta bari suna ciniki a wani ɗan tsibiri a Nagasaki, haka aka yi sama da shekara 200. Wa ya zo ya ɓalle ƙofar? Matthew Perry ne da jiragen yaƙi huɗu a 1853, daga ƙasar nan da aka ce a lokacin ba ruwanta da kowa. Japan ta sa hannu a 1854, ta koyi darasin da aka koya mata da kyau, a 1876 ta je ta yi wa Koriya irin abin da aka yi mata sak, a 1895 ta karɓe Taiwan daga Sin, ta doke Rasha a 1905, ta haɗiye Koriya a 1910, ta shiga Mancuriya a 1931. Daga baya su biyun suka haɗu a Pearl Harbor ɗin da aka samo daga hannun sarkin Hawai, inda Japan ta kai wa Amurka hari a 1941.

Sai zancen wai Amurka ta koma ɗaki bayan yaƙin duniya na farko. E, majalisar dattawa ta ƙi yarda a shiga ƙungiyar ƙasashen da shugaba Woodrow Wilson ya yi ta fafutuka a kanta, an kuma yi dokokin 'yan ba ruwanmu daga 1935, har aka kafa kwamitin Amurka ce farko a 1940, can taken ya yi tashe tun kafin a haifi Trump. Amma a daidai wannan lokacin sojojin Amurka suna zaune a Haiti tun 1915 ba su fita ba sai 1934, suna Nikaraguwa suna farautar madugun 'yan turjiya Sandino har 1933, Filifin na hannunsu, mashigar Panama da aka samu bayan an taimaka wa Panama ta ɓalle daga Kolombiya a 1903 tana hannunsu. Ba cinya ba ƙafar baya. Turai ce kawai ba a son komawa.

Na san hujja mafi ƙarfi da masu son Amurka ta fita duniya suke kawowa ita ce ta Hitler, cewa noƙewar da aka yi ce ta ba shi fili har ya gagara, kuma ba na musun wannan, akwai lokacin da naɗe hannu ma laifi ne. Abin da ban yarda ba shi ne a cakuɗa abu biyu a kira su da suna ɗaya. Shiga ƙawance irin NATO ta 1949 inda ka ɗaure kanka da alkawarin kare wani da yardarsa daban, zuwa ka karɓe tsibirin wani ba da yardarsa ba daban. Na farkon yana ɗora maka nauyi, na biyun kai ne kake ɗorawa. Shi ya sa mutum zai iya tsanar na farkon ya so na biyun ba tare da ya saɓa wa kansa ba, ya ce me zai sa in biya kuɗin tsaron Jamus, a numfashi ɗaya kuma ya ce a ba ni Girinland. Irin lissafin ƙarni na 19 ne, ba ƙawance, sai saye ko ƙwace.

Ita ma Girinland ɗin ba yau aka fara ba. William Seward, sakataren harkokin wajen da ya sayo Alaska, ya sa ido a kanta, a 1917 Amurka ta sayi wasu tsibirai na Karibiyan daga hannun Denmak a kan dala miliyan 25, a 1946 gwamnatin Truman ta taya Girinland dala miliyan 100 Denmak ta ce albarka, kuma tun yarjejeniyar 1951 Amurka na da sansanin soja a can arewacin tsibirin. Mutanen Girinland ba su kai 60,000 ba, kuma shugabanninsu sun faɗa sun sake faɗa cewa ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce. In suna son sanin yadda irin wannan cinikin yake daɗewa sai su leƙa Fotoriko da Guwam, inda har yau mutane 'yan ƙasar Amurka ne, suna shiga soja, amma in dai a tsibirin suke zaune ba su da ƙuri'a a babban zaɓen shugaban ƙasa. Ko kuma Kuba da aka yi wa alkawarin ba za a haɗe ta ba, aka cika alkawarin, sai dai ba a janye soja ba sai da ta saka sharaɗin Platt a cikin tsarin mulkinta a 1901, wanda ya ba Amurka damar shigowa duk sanda ta ga dama, daga nan aka karɓi hayar Gwantanamo, wani yankin gaɓar tekun Kuba da Amurka ta kafa sansanin soja, a 1903. Kuɗin hayar dala 4,085 ne a shekara, kuma tun bayan juyin juya halin 1959 sau ɗaya tak gwamnatin Kuba ta taɓa karɓar kuɗin cakin, sauran ƙin taɓa su ta yi, ɗan hayar kuma yana nan bai tashi ba.